Koyon Zane Ba Sai Mai Baiwa Ba

Jawabin da wani malamin zane ya yi wa iyayen yara, malaman makaranta da masu sana'ar hannu a unguwar Daɗin Kowa, Jos, Jihar Filato

 Na gode da kuka bar harkokinku kuka zo, duk da wannan sanyi namu na Jos. An gaya mini za a buga wannan jawabi a rarraba a sauran jihohi, saboda haka bari in sanar da na nesa cewa Daɗin Kowa da muke ciki ita ce ta kan hanyar Jos zuwa Bukuru, ba ta Gombe mai madatsar ruwa ba.

Kafin in shiga maganar da ta tara mu, ina da tambaya biyu. Wanda ya iya rubuta sunansa ya ɗaga hannu. Madalla, kusan kowa. To, wanda ya iya zana wannan butar shayi da ke kan tebur ya ɗaga hannu. Kun gani, hannuwa sun koma ƙasa, sai yara uku ko huɗu can baya, su ma suna waiwayen iyayensu. Na yi wannan tambaya a wurare da dama, amsar kuwa ba ta taɓa sakewa ba. In na nemi dalili sai a ce mini, "Ai Malam, zane baiwa ce, sai wanda Allah ya ba." Wannan magana ita ce na zo in yi jayayya da ita yau, cikin ladabi.

Baiwa gaskiya ce, ban musa ba. Amma ku tuna yadda kuka koyi rubutu. Ba a haifi kowa da sanin yadda ake lanƙwasa harafi ba, ko na boko ko na ajami. An zaunar da mu ne muka yi watanni muna kwaikwayo a kan allo, muna ɓatawa ana wankewa, har hannu ya faɗa. Harafi kuwa zane ne, ƙaramin zane mai ƙa'ida. A cikinmu akwai mai kyakkyawan rubutu, akwai mai rubutu kamar tafiyar kaza, amma duk muna iya rubuta wasiƙa a karanta. Ba mu taɓa jin uban da ya ce kada a koya wa ɗansa rubutu domin ba shi da baiwa ba. Zane ma haka yake. Mai baiwa zai yi nisa ya bar mu, sauranmu kuwa za mu iya kai wa matsayin da za mu sa abin da muka gani, ko abin da ke ranmu, a kan takarda har wani ya duba ya gane. Wannan matsayi shi ne ƙasa ke bukata daga kowane ɗanta.

ABIN DA RASHIN ZANE KE JAWO MANA

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, kai ne shaida a kan irin ƙarar da zan ambata. Mace ta je wurin kafinta ta kwatanta masa irin kabad ɗin da take so a ɗakin 'yarta, da baki da nuni da hannu. Kafinta ya ce ya gane. Ya yanka katako, ya haɗa, ya shafa fenti. Ranar ɗauka ta ce ba haka ta ce ba, shi kuma ya rantse haka ta ce. Dukansu biyu masu gaskiya ne, kowa da hoton da ke cikin kansa. Katakon da aka yanka kuwa ba ya komawa. Da ɗayansu ya iya ɗaukar fensir ya yi minti biyar yana zana kabad ɗin, ga tsawo, ga faɗi, ga yawan ƙofofi, su duba tare su amince, da kuɗi bai salwanta ba, da zumunci bai ɓaci ba. Irin wannan rigima tana faruwa tsakanin tela da mai riga, tsakanin mai walda da mai ƙofa, tsakanin birkila da mai gida, kowace rana a ƙasar nan.

Akwai kuma asarar da ta fi wannan, ko da yake ba ta da ƙara. Yaro ya yi shekara biyar a shagon walda, hannunsa ya ƙware, amma in aka miƙo masa takardar tsarin gini sai ya juya ta sama da ƙasa. Wanda ya iya karanta takardar shi zai karɓi kwangila, wannan kuwa ya dawwama a ɗan aiki. Hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, wadda aka kafa a shekarar 1971, hedkwatarta tana nan kusa da mu a kan hanyar Miango. Ku tambayi duk wanda ya shiga horon aikin injuna ko lantarki ko gini, zai gaya muku bai yi nisa ba ya tarar da zane yana jiransa. Ɗalibin da zai zauna jarrabawar kimiyyar halittu a ƙarshen sakandare, za a ajiye masa ganye ko ƙashi ko ƙwaro a ce ya zana ya sa sunayen sassa, kuma akwai maki a kai. A nan Jos muke da Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da makarantarta, masu wannan sana'a kuwa sukan zana yadda kowace fitowa za ta kasance tun kafin a kunna kyamara. Tutar ƙasarmu ma a kan takarda ta fara, daga hannun wani ɗalibi, Taiwo Akinkunmi, a shekarar 1959.

Wani zai ce ai yanzu kwamfuta ke yin zane. Tana yi, amma ba ta gani a madadin mai ita. Wanda bai san dalilin da ya sa ƙafar tebur ta baya ke fitowa gajera a zane ba, in ka ba shi kwamfuta sai ya yi kuskuren nan da sauri kuma da tsabta.

Gwamnati ta san da wannan tun da daɗewa. Manufar Ilimi ta Ƙasa da aka fitar a shekarar 1977 ta sanya zane da aikin hannu cikin abin da za a koyar tun daga firamare. Sai dai mu malamai mu faɗa wa kanmu gaskiya. A makarantu da yawa darasin yana nan a rubuce a jadawali, amma in lokacinsa ya yi sai a ce yara su fita shara, ko malamin lissafi ya ari lokacin bai mayar ba. Yawanci ba mugunta ke sa haka ba. Malamin ajin ne shi ma ba a taɓa koya masa ba, yana jin nauyin ya tsaya gaban allo yara su yi masa dariya.

ZANE BA BAƘO BA NE A ƘASAR NAN

A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumin yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka kawo wani kan yumɓu daga Jama'a zuwa nan Jos wurin Bernard Fagg, bayan an yi ta amfani da shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Bincike ya nuna waɗannan kayayyaki sun haura shekara dubu biyu. Su ne suka zama harsashin gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Duk wanda bai taɓa zuwa ba, ina roƙonsa ya je, ya tsaya gaban kawunan nan ya dube su da kyau. Zai ga wani kan an gina shi kamar ƙwallo, wani kamar gwangwani, wani mai tsini kamar mazurari, idanu kuma kusurwa uku ko rabin da'ira. Watau mutanen Nok sun san sirrin da zan koya muku nan gaba kaɗan, na mayar da abu mai wuya zuwa siffa mai sauƙi.

Mu dawo kusa. Babbar riga mai aska takwas ba ta fara da allura ba. Akwai mai zane da ke shimfiɗa ƙyallen ya fitar da askar da dagin da alƙalami da tawada, sa'an nan mai ɗinki ya bi sawunsa. Haka mai zayyanar allo, da mai zanen ƙwarya, da baduku, da maginin da ke ƙawata fuskar zaure, da mai fentin jikin babbar mota. 'Yan matanmu masu zanen lalle fa? Yarinya ta zana fure a hannun dama, ta maimaita shi daidai a na hagu, ba rula ba magogi, amma in ka tambaye ta sai ta ce ita ba ta iya zane ba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, a wurin 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama, kafin ta shiga makarantar tukwane ta Abuja ta dā, watau Suleja, a 1954. Ƙadangare da kunama da kifin da take tsagawa a jikin tuluna su suka kai sunanta Turai da Amurka. Duk waɗannan koya aka yi musu, a zaure ko a tsakar gida, suka ɓata da yawa kafin su gyara.

Zanen zamani ma ta hanyar naci ya shigo. Aina Onabolu na Ijebu-Ode, wanda aka haifa a 1882, ba shi da malami. Hotunan cikin jaridu da littattafan Turawa ya riƙa kwaikwaya har ya ƙware, sai a 1920 ya tafi Ingila karatu. Da ya dawo bai ɓoye abin da ya samu ba, ya bi makarantun Ikko yana koyarwa, ya kuma matsa wa hukuma lamba har aka kawo wani malamin zane, Kenneth Murray, a 1927. Uche Okeke kuwa a Kafanchan ya tashi, kuma a nan Jos ya fara baje zane-zanensa a 1956, tun bai shiga kwalejin Zariya ba. A can shi da abokansa irin su Yusuf Grillo da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, suka ce za su koyi dabarun Turai amma su gina a kan na gida. Shi Okeke wurin mahaifiyarsa ya koma ya koyi zanen uli na matan Ibo.

Ba zan wuce ba sai na taɓa wani abu da na san yana zukatan wasu iyaye, watau maganar zana abu mai rai. Wannan fage ne na malaman addini, ga su nan zaune, kowa ya tambayi nasa. Abin da zan ce a matsayina na malamin zane shi ne, duk ƙa'idodin da za ku ji yanzu ana iya koyonsu kaf da tukunya da kujera da itace da gini da keke, ba tare da an zana ko ƙuda ba.

YADDA AKE FARAWA

Abu na farko, a sani cewa aikin ido ya fi na hannu yawa. Mai koyo yakan zana abin da ya sani a ka, ya bar abin da ke gabansa. Ya san bakin kofi da'ira ne, sai ya zana da'ira cikakkiya, alhali daga inda yake zaune bakin kofin ya yi siffar ƙwai kwance. Ku gwada a gida. Ku riƙe kofi ku leƙa shi daga sama, za ku ga da'ira. Ku riƙa ɗaga shi sannu a hankali, da'irar za ta yi ta matsewa, in ya zo daidai idonku sai ta zama miƙaƙƙen layi. Wanda ya gane wannan ya ci rabin darasin farko. Saboda haka nakan ce wa ɗalibai su dubi abin da suke zanawa sau uku kafin su dubi takarda sau ɗaya.

Sa'an nan a saki hannu. Riƙon rubutu, can kusa da tsini, na ƙananan abubuwa ne. Don dogon layi a riƙe fensir daga tsakiya, a bar motsi ya taso daga gwiwar hannu da kafaɗa. A cika takarda guda da miƙaƙƙun layuka, na kwance da na tsaye da na gicciye, wata da da'irori, wata da siffar ƙwai, ba tare da rula ba. Aiki ne mai gundura, na sani, amma minti biyar ya isa kafin a fara zanen ranar. A riƙa ja da sauƙi yadda layin zai fito dishi-dishi. In bai yi daidai ba a ja wani a gefensa, sai an tabbata sa'an nan a danna. Yawan gogewa yana kashe zuciya, yana kuma huda takarda. Ni a makon farko nakan karɓe magogi in ajiye a aljihu.

Bayan haka sai siffofi huɗu: akwati, gwangwani, ƙwallo da mazurari. Kusan duk abin da ke duniya da su aka haɗa shi. Ku dubi butar nan. Cikinta ƙwallo ne da aka ɗan danne, wuyanta gajeren gwangwani, bakinta siririn mazurari. Ɗakin Berom mai jinka gwangwani ne da aka kifa wa mazurari. Mota akwati biyu ce a kan gwangwanaye huɗu. Duwatsun Riyom da ke ɗore kan juna ƙwallaye ne da akwatuna waɗanda iska da ruwa suka cinye wa kusurwa. A fara da babbar siffa, a bar ado sai ƙarshe. Kuskuren da na fi gani shi ne yaro ya fara da murfin buta, ya ƙawata shi, sa'an nan ya tarar takarda ta ƙare bai kai gindi ba.

Awo kuma da fensir ɗin nan ake yinsa. Ka miƙe hannunka sosai, ka rufe ido ɗaya, ka daidaita kan fensir da saman butar, ka sa babban yatsa inda gindinta ya tsaya. Ka sami tsawo ke nan. Ka juya fensir a kwance ka ga ko faɗinta ya kai haka ko bai kai ba. Sharaɗi ɗaya ne, kada gwiwar hannu ta lanƙwashe, in ta lanƙwashe awo ya tashi. Akwai wata dabara da ta fi wannan daɗi. Maimakon ka zana mariƙin buta, zana ramin da ke tsakanin mariƙin da jikinta. Ƙwaƙwalwa ba ta da wani hoto da ta ajiye na wannan rami, saboda haka dole ido ya yi aiki, mariƙin kuwa sai ka ga ya fito da kansa.

Inuwa ita ke sa abu ya taso daga takarda. A ajiye lemo ko ƙwai kusa da taga, a rufe ƙofa don haske ya zo ta gefe guda. A kanne ido kaɗan, nan da nan za a ga inda ya fi haske, da inda ya fi duhu, da inuwar da ya jefa a kan tebur. Kafin a taɓa lemon, a zana ƙananan akwatuna biyar a jere, na farko a bar shi fari, na ƙarshe a cika shi baƙi ƙirin, na tsakiya su bi daki-daki. Wanda ya iya wannan tsani ya iya inuwa.

Saura maganar nesa da kusa. Ka tsaya a gefen layin dogo da ya taso daga Bukuru ya nufi Jos, ka miƙa ido. Ƙarafan biyu ba su taɓa haɗuwa ba, amma a idonka suna matsowa har su haɗu can nesa, kuma inda suka haɗu yana daidai da tsayin idonka. Turakun wayar lantarki ma kowane na gaba ya fi na bayansa gajarta. Wannan ƙa'ida masu zane na birnin Fulorans a Italiya suka tsara ta, Alberti ya rubuta ta a littafi a 1435, sun kuwa amfana da binciken Ibn al-Haisam, wanda ya yi bayanin yadda ido ke gani a Alƙahira wajen shekara 400 kafin su. Ga mai son zana mutum, tsawon baligi ya kai kansa bakwai zuwa bakwai da rabi, idanu kuma a tsakiyar kai suke, ba can sama kusa da gashi ba inda kowa ke sa su.

Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai. A rubuta kwanan wata a kowace takarda, kada a yar ko da ta yi muni, bayan wata uku a fito da ta farko a gwada da ta ƙarshe. Iyaye kuma ina da roƙo biyu. Yaron da bai kai shekara bakwai ba a ƙyale shi ya yi ta zanensa, in ya yi wa akuya ƙafa shida a tambaye shi labarinta, lokacin gyara yana zuwa. Bahago kuma a bar shi da hagunsa.

KAYAN AIKI DA YADDA ZA MU RABA SU

Fensir ɗaya ya isa farawa. Harafin da ke jikinsa yana da ma'ana: mai H yana da tauri, layinsa siriri ne mara duhu, mai B yana da taushi da baƙi, HB na tsakiya. In da hali a ƙara 2B don inuwa. In babu, ga gawayi. A sami siraran rassa, a ɓare bawon, a jera cikin gwangwani mai murfi, a huda murfin ƙaramin rami, a sa a wuta har hayaƙi ya daina fita, a bari ya huce kafin a buɗe. Abin da zai fito bai da bambanci da wanda ake sayarwa da tsada a kanti. Tawadar makarantar allo, ta baƙin tukunya da ƙaro, tana zane mai kyau da alƙalamin kara. Jar ƙasa da farar ƙasa kuwa Allah ya hore mana su a Filato. Takarda ita ce mai wuya, amma akwai bayan tsohuwar kalanda, da kwali, da takardun ofis da aka buga gefe ɗaya ake ƙonawa. Ma'aikatan da ke nan, ku taimaka ku riƙa kawo mana waɗanda ba na sirri ba.

Kun ga ke nan rashin kaya ba shi ne babbar matsalarmu ba. Abin da ya fi damuna rowa ce, da kuma tsoron kada kaya su ƙare. An taɓa tura ni wata makaranta, na yi zango biyu ina koyar da zane da alli kaɗai. Ran nan ana gyaran sito sai ga akwati cike da fenti da buroshi da littattafan koyarwa, an kulle shi shekaru don kada yara su lalata. Fentin ya bushe ya zama dutse, gara ta ci rabin littattafan. Wanda ya kulle ba ɓarawo ba ne, a ganinsa amana yake tsarewa. Na tabbata yanzu haka akwai irin wannan akwati a makarantu da gidaje masu yawa, da littafin zane da wani ya gama da shi tun yana kwaleji yana kwance ƙarƙashin gado.

Shawarata ita ce unguwa ta yi akwati ɗaya na kowa. Mai littafi ya kawo, mai rula ya kawo, mai ragowar fensir ya kawo. A damƙa shi ga mutum biyu amintattu, a ajiye littafin rajista, mai aro ya sa hannu ya dawo da shi cikin mako biyu. Wani abu zai ɓace, wani zai yage, a sa wannan cikin lissafi tun yanzu kada ya zama dalilin sa kwaɗo. Mutanen Daɗin Kowa ba sa bukatar in koya musu riƙon amana tare. A 2008 da 2010, lokacin da wuta ta kama wasu sassan Jos, dattawa da mata da malaman addinin unguwar nan suka tsaya kai da fata har aka tsallake ba a zubar da jini a nan ba, masana daga ƙasashen waje ma sun zo sun yi nazarin yadda kuka yi. Akwatin fensir ba zai gagare ku ba.

Littafi kuma ba shi kaɗai ne abin rabawa ba. Makarantar da ke da malamin zane ta ba da aronsa ga maƙwabciyarta rana ɗaya a mako, ya koya wa malaman aji, domin malami ɗaya da ya daina jin kunyar allo ya fi kwalin fenti goma amfani. A gayyato mai zanen riga da mai lalle da mai rubuta allon shago su shigo aji su nuna yadda suke yi, a kuma girmama su kamar kowane malami. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A London, tun 1854, John Ruskin ya riƙa koya wa leburori da masu sana'a zane da dare bayan sun tashi daga aiki, ya kuma rubuta littafin koyon zane don masu farawa a 1857.

Littafin nan nasa, da wasu tsofaffi irinsa waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare, suna nan kyauta a intanet, haka kuma darussan bidiyo a YouTube ba su ƙirguwa. Wanda ke da data ya sauke, ya tura wa na kusa da shi waya zuwa waya, malamai kuma su buɗe zaure a WhatsApp su riƙa musayar darasi. Amma a kiyaye abu biyu. Sabon littafin da mai shi ke raye yana ci da shi, a saya ko a ara, kada a kwafe shi dungum a sayar, doka ta hana. Sa'an nan kallo ba koyo ba ne. Na ga samarin da suka kalli darasi ɗari ba su cika takarda goma ba. A kalli ɗaya, a kife waya, a ɗauki fensir. Yawancin darussan nan kuma da Turanci suke. Malamin da ya iya, ya jingina wayarsa ya ɗauki hannunsa yana zana kofi yana bayani da Hausa ko Berom ko wani harshen gida, minti biyar, ya tura. Yaron ƙauye da ba shi da malami zai amfana da wannan fiye da na Turancin.

In kuna son ganin amfanin ajiye zane da raba shi, ku je bayan gidan tarihi na Jos, inda aka gina kwaikwayon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, da wani ɓangare na ganuwar Kano. Wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, shi da mataimakansa 'yan Nijeriya suka yi shekaru suna zagaya ƙasar nan da tef da fensir, suna auna gine-ginen gargajiya suna zanawa. Ya rasu a 1982, aka buga aikin cikin littafi uku a 1990. Da yawa daga gidajen da suka auna sun rushe, zanen ne ya rage. Malamai, in za ku kai yara can, kowane yaro ya riƙe takarda da kwalin dannawa, ya zaɓi tukunya ɗaya ko ƙofa ɗaya ya zauna da ita rabin awa. In an dawo a ɗaura igiya a harabar makaranta a rataye na kowa, har da wanda bai yi kyau ba, a kira iyaye su gani.

Shugaban taro, na ga rana ta yi ƙasa, hasken da ke shigowa ta tagar yamma kuwa shi ne daidai abin da muke so. Akwai takarda da gawayi a bakin ƙofa, sun isa kowa, har da dattawa. Yara biyu su taimaka su rarraba, wani kuma ya rufe mana ƙofar gabas. Zan matsar da butar tsakiyar tebur yadda na baya za su gani. Za mu fara da cikinta, babbar siffa, da layi mara nauyi.